Ƙarangiya a Tsakar Gida

  

Yau maganarmu a kan ƙarangiya ce. Larabawa suna ce da ita haskanit, masu jin Faransanci kuwa kram-kram. Ba sai an kwatanta wa kowa ita ba. Wanda ya taɓa zama yana tsince ta daga bakin wando, ko daga tafin ƙafar yaro mai kuka, ya san ta sarai.

Mutane da yawa a Injamena sukan dasa kiri-kiri a wani gefe na tsakar gida, domin ta kwantar da ƙura, yara su yi wasa a kai, a shimfiɗa tabarma da maraice. Abu ne mai kyau, amma ba a banza ake samunsa ba, gama ruwan da kake ba ta da rani, da kuɗi ka saye shi, jarka jarka. To, sai ga ƙarangiya ta shiga ciki. Shekara ɗaya, biyu, wurin da ka yi domin hutawa ya zama ba mai iya taka shi sai da takalmi. Ƙayarta kuwa tana da ƙananan haƙora masu komawa baya. Idan tsininta ya karye cikin fata, wurin yakan kumbura har ya yi mugunya.

Watakila za ka ce, daga ina ta fito? Ni ban shuka ta ba. Gaskiya ne. Ƙarangiya ciyawar jigawa ce, rairayi take so, yawancin ƙasar garin nan kuwa laka ce mai riƙe ruwa. Ashe kawo ta ake yi. Bayan ambaliyar 2022 da ta 2024 mutane da dama sun sayi ƙasar ciko domin su ɗaga tsakar gidansu, irin ciyawa kuwa yakan zo a cikin ciko. Tana zuwa manne a gashin tunkiya, da cikin damin ciyawar da ka sayo wa rago, da takin da ka zuba domin kiri-kiri ta yi kore. Kai kanka ma kakan ɗauko ta a rigarka.

Yanzu ka kasa kunne, gama nan ne gindin maganar. Ran ƙarangiya damina ɗaya ne kaɗai. Ta tsiro da ruwan fari, wajen Yuni ko Yuli, ta fid da kai wajen ƙarshen damina, ta bushe da kaka, saiwarta ta mutu. Ba ta da kome a ɓoye ƙarƙashin ƙasa kamar aya-aya, wadda sai an tono 'ya'yanta. Abin da ke komo da ita baɗi shi ne ƙwayar da ke cikin ƙayar nan. Saboda haka wanda ya tashi yaƙi da ita a watan Oktoba, sa'ad da ta fara sukarsa, ya makara, ta riga ta zubar. Lokacin aikin shi ne Yuli da farkon Agusta, tun tana ɗanya, ba ta cuci kowa ba tukuna.

Wahalar ita ce, tun tana ƙarama ta yi kama da ciyawar kirki. A cikin Linjila ta hannun Matta, sura 13, akwai misalin zawan da ya tsiro cikin alkama, aka hana barori cire shi kada su tumɓuke alkamar tare. A tsakar gidanka ba sai ka jira kaka ba, gama waɗannan biyu suna da alama. Ka durƙusa ka duba. Kiri-kiri rarrafe take yi, tana kafa saiwa a kowace gaɓa, ganyenta ƙanana. Ƙarangiya kuwa daga gindi ɗaya take tashi, ta yi tsitsiya, ganyenta ya fi tsawo da faɗi, kararta wajen gindi a ɗan baje yake, ba zagayayye ba. Ka fita da safe bayan an kwana ana ruwa, ka kama ta daga gindi ka ja. Saiwarta ba ta da zurfi, za ta biyo ka. Idan ba ta fid da kai ba, ka ba akuya, abinci ne mai kyau gare ta.

Kada ka sare ta da lauje ka ce ka gama. Za ta sāke toho, ta yi ƙayarta kusa da ƙasa inda lauje ba ya kai.

Idan kuwa ta riga ta yi kai, sai a yi a hankali. A sa tsohon buhu a hannu, a cire, a zuba cikin kwando, kada a karkaɗe. A ƙone ta ƙurmus. Kada a jefa a bola ko a bayan katanga, gama awakin unguwa za su komo maka da ita. Wadda ta riga ta zube, ga dabara: ka sami tsohon bargo ko buhun algarara, ka ɗora masa ɗan nauyi, ka ja shi bisa ciyawar gaba da baya. Ƙayar za ta manne masa. Da ya cika, shi ma wuta.

Akwai masu cewa a sayo maganin feshi a huta. Ni dai ban ba da wannan shawara ba. Irin wanda ya fi yawa a kasuwa, mai suna gilifoset, ba ya zaɓe. Zai kashe kiri-kirinka tare da ƙarangiyar, ƙwayar da ke kwance cikin ƙasa kuwa ba ruwansa da ita. Ka biya kuɗi, ka sami fili tandar, ita kuma fili tandar take so. Ban da haka, wuri ne da yara ke rarrafe, kaji suna kiwo. Wanda yake da shi a gida saboda gona, kada ya juye shi cikin kwalabar lemo.

Kada mu zage ta da yawa kuma. A shekarun yunwa mutanen arewa, makiyaya da Buzaye, sun sussuka ƙarangiya sun ci ƙwayarta, ta tsirar da rayuka. A daji tana da wurinta.

Inda ka cire ta, kada ka bar wurin a buɗe. Ka yanko reshen kiri-kiri mai gaɓa uku ko huɗu, ka binne rabinsa, ka ba shi ruwa. In ta rufe ƙasa da kyau, ƙwayar ƙarangiya ba ta samun sararin tsira. Amma ka sani ba dukan ƙwayar ke tsirowa a shekara guda ba, wata takan kwanta sai wata damina. Baɗi za ka ga kaɗan sun fito, ka cire su a watan Yuli kamar na bana. Sabon ciko ko taki kuwa, in an kawo, a jibge shi gefe ɗaya, a jiƙa shi, a ga abin da zai tsiro kafin a baza.

Mu kwana lafiya.