Gurbi Huɗu Ba Su Isa Ba: Matse Bayanai a Matakin Ginshiƙi a PostgreSQL



Tun daga PostgreSQL 14, wanda ya fito a watan Satumba na 2021, mai kula da rumbun bayanai yana iya zaɓar hanyar matsewa ga kowane ginshiƙi, ko pglz ta gado ko LZ4. An yi ta murna. Ni kuwa ina ganin abin da aka ba mu rabin aiki ne, kuma yadda aka gina shi ya ɗaure hannun masu zuwa baya.

Mu fara da kan bayanin. Kowace ƙima da aka matse tana ɗauke da bit 32 da ke bayyana ta. Bit 30 sun tafi wajen faɗin girmanta, shi ya sa ƙima ɗaya ba ta wuce gigabait 1. Bit 2 kacal suka rage don faɗin hanyar da aka matse ta. Gurbi huɗu ke nan, pglz ta ɗauki ɗaya, LZ4 ta ɗauki ɗaya. Shawarar da aka fara kawowa kan wannan tsari a 2017 ta fi wannan faɗi: a bar kowa ya rubuta tasa hanyar ya maƙala. Da aka zo karɓa a 2021 sai aka yanke wannan ɓangaren. Ga abin da ya biyo baya. Zstandard, wadda Yann Collet ya fitar a Facebook a 2016, ta shiga PostgreSQL 15 don matse kundin WAL da ajiyar pg_basebackup, amma ginshiƙi bai samu ba. Ana ta tsoron kashe gurbi na uku.

Rubuta hanyar a jikin kowace ƙima dabara ce mai kyau, ban musa ba. Ita ta sa ake sauya tsarin ginshiƙi nan take ba tare da an sake rubuta teburin ba. Sai dai tsofaffin ƙimomi suna nan yadda suke. Mutum zai sauya zuwa LZ4, ya kwana, ya duba da pg_column_compression, ya tarar da miliyoyin layuka na pglz suna kallonsa, har sai ya sauke bayanan ya sake lodawa.

Ita pglz kuwa tsufa ya kama ta. Ba ta hango baya fiye da kilobait 4 wajen neman maimaici, alhali LZ4 tana hango kilobait 64. Idan ba ta samu abin matsewa ba a bait 1024 na farko sai ta haƙura, idan ragin bai kai kashi 25 cikin 100 ba sai ta ajiye ƙimar yadda ta zo. Duk da haka har PostgreSQL 17 ita ce ke aiki idan ba ka taɓa komai ba.

Babban ƙorafina ba nan yake ba. Shafin PostgreSQL kilobait 8 ne, kuma tsarin TOAST, wanda shi ke matse ƙimomi, ba ya motsawa sai layi ya kai kusan kilobait 2. Ko ya motsa, kowace ƙima ita kaɗai yake matsewa, ba ya leƙa layin da ke sama ko ƙasa. Ku ɗauki rajistar jama'a a Najeriya. Ginshiƙin jiha ba ya wuce ƙima 37, jihohi 36 da Abuja, wato bit 6 sun wadatar. Ƙananan hukumomi 774 ne, bit 10 sun ɗauke su da saura. Amma idan an ajiye su a matsayin rubutu, za a rubuta Dawakin Kudu harafi bayan harafi sau dubu ɗari, kuma babu LZ4 ko pglz da za ta taɓa ko ɗaya, domin layin bai kai girman ba. Maimaicin yana kwance ne a tsawon ginshiƙi, mu kuma mun sa ma'auni a faɗin layi. Haka abin yake a nau'in bayanai na jsonb, inda sunayen makullai iri ɗaya ke dawowa a kowane layi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Abadi da Madden da Ferreira sun nuna a taron SIGMOD na 2006 cewa matsewa ta ƙamus da ta ƙirga maimaici suna barin a gudanar da tambaya a kan bayanan ba tare da an warware su ba. Amazon Redshift yana barin ka zaɓa wa kowane ginshiƙi nasa, har da ƙamus. MariaDB 10.3 ma ya kawo matse ginshiƙi da zlib.

Za a ce ƙamus na tarayya tsakanin layuka yana da wahalar kulawa idan ana goge layuka. Gaskiya ne, amma aiki ne na injiniya, ana yin sa.

Abin da ke ba ni haushi a gida kuwa shi ne, da zarar faifai ya cika a wata ma'aikata, takardar farko da ke fitowa ta sayen sabuwar saba ce, da dala. Ba wanda ke tambayar wane ginshiƙi ne ya cinye wurin. Ina roƙon masu rubuta sharuɗɗan kwangila su wajabta wa ɗan kwangila ya kawo girman kowane ginshiƙi da hanyar matse shi kafin a sa hannu. Masu haɓaka PostgreSQL kuma su mai da gurbi na ƙarshe alamar cewa akwai ƙarin bait a gaba mai ɗauke da lambar hanya da lambar ƙamus, kafin wani ya kashe shi a kan hanya ɗaya.