Awon Arzikin Ƙasa: Daga Babban Banki Zuwa Rumbun Manomi



An nemi in yi magana a kan yadda ake auna lafiyar arzikin ƙasa. Zan ɗauko misalaina daga kudancin Jihar Kano, wato ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin da yawa daga cikinmu da kuɗin masara da shinkafar wannan yanki ake ɗaukar nauyin karatunmu. Alƙaluman da ake bayyanawa a Abuja a rumbun iyayenmu suke ƙarewa, kuma wanda bai iya karanta su ba, sai dai ya ga rumbu ya yi ƙasa bai san dalili ba.

Ma'auni na farko shi ne hauhawar farashi. Kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa takan tattara farashin abinci da sutura da haya da sufuri, ta gwada shi da na wannan watan a bara. A Disambar 2024 ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100, ma'ana abin da naira 100 ta saya a Disambar 2023 sai an ba da kusan naira 135. A Janairun 2025 adadin ya koma kashi 24.48, amma fa hukumar ce ta sake shekarar da take kafa lissafinta a kai. Ko da ba a sake komai ba ma, raguwar wannan adadi ba ta nufin kaya sun yi araha. Mota ce ta rage gudu, ba baya ta koma ba.

Ma'auni na biyu shi ne kuɗin ruwa. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, shi ke yanke adadin da sauran bankuna ke dubawa kafin su ba da rance. A farkon 2022 adadin yana kashi 11.5, a Nuwambar 2024 ya kai kashi 27.5, sa'an nan a Satumbar 2025 aka rage shi zuwa 27. Hujjar bankin ita ce, idan rance ya yi tsada kuɗin da ke yawo a hannun jama'a za su ragu, farashi kuma ya lafa.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Doguwa da wannan, shi da bai taɓa neman rancen banki ba, yana ma gudunsa saboda haramcin riba? To, ai ruwan yakan iske shi har gona. Kamfanin da ke haɗa takin zamani da rance yake aiki, haka mai babban injin casar shinkafa, haka mai motocin da ke bi ta Kwanar Dangora da hatsi zuwa Kano. Kowannensu yakan ɗora abin da banki ya karɓa a kan farashin kayansa. Bugu da ƙari, idan rance ya yi tsada, babban ɗan sarin da ke kasuwar Dawanau ba zai iya sayen hatsi da yawa ya ajiye ba, sai masu saye su yi ƙaranci da kaka, daidai lokacin da manomi ya fi bukatar sayarwa. Ashe ke nan manomi yana biyan kuɗin ruwa sau biyu, alhali bai ci bashin kowa ba.

Ma'auni na uku shi ne darajar naira. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke canji, dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kafin wannan da 'yan makonni, ranar 29 ga Mayu, an janye tallafin man fetur. Dattawanmu ba su manta da irin wannan ba, domin sun ga faɗuwar naira a 1986, zamanin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan da ruwanta, amma mai noman rani da ba ya kan hanyar ruwan sai da injin ban ruwa. Injin daga waje ake shigo da shi, fetur yake sha, maganin feshi ma da wasu sinadaran taki da dala ake sayo su. Wannan irin tsada kuwa ƙarin kuɗin ruwa ba ya maganinta, domin ba yawan kuɗi a hannun talaka ne ya haifar da ita ba.

Waɗannan ma'aunai uku duk suna da amfani, sai dai akwai na huɗu da ba a karantawa a rediyo, wato buhun masara nawa ke sayen buhun taki ɗaya. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da shinkafa da alkama da wake da ake shigowa da su. A cikin 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai, taki kuwa bai sauko ba. Mutanen birni suka sami sauƙi, alƙaluman ƙasa suka yi kyau, amma manomin shinkafa a Tudun Wada da na masara a Doguwa suka sayar da abin da suka noma da tsada a kan araha. Idan takin da buhu ɗaya ke saye ya koma sai da buhu biyu, to, ƙarfin manomi ya ragu da rabi, ko me aka faɗa a Abuja. Wanda ya yi asara bana kuwa yakan rage gona baɗi, daga nan tsadar ta komo wa mutanen birni.

Saboda haka, 'yan'uwana, ina da roƙo guda. Duk wanda ya je hutu gida ya tanadi littafi, ya riƙa shiga kasuwar garinsu yana rubuta farashin abubuwa huɗu: buhun masara, buhun shinkafa shanshera, buhun taki, da litar fetur. Ya ajiye su gefe da adadin hauhawar farashi da na kuɗin ruwa da canjin dala na wannan watan. Bayan damina biyu zai iya zama da mahaifinsa su yi shawarar lokacin sayarwa da lokacin ajiya, zai kuma iya tsayawa gaban wakilin mazaɓarsa da hujja a rubuce, ba da kuka kawai ba. Wannan shi ne kaɗan daga hakkin da iyayenmu ke bin mu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa karatunmu ya amfani al'umma.