Jariri Ma Yana Jin Zafi: Matsayin Iyaye a Ɗakin Jinya

 

Har cikin shekarun 1980, likitoci da dama a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba suna ɗauka cewa jariri sabuwar haihuwa ba ya jin zafi kamar babba. A 1985, a birnin Washington na Amurka, aka yi wa wani bakwaini mai suna Jeffrey Lawson tiyata a ƙirji da maganin da ke hana motsi kawai, ba na kashe zafi. Mahaifiyarsa, Jill Lawson, ta gano haka daga baya, ta ƙi yin shiru har maganar ta bazu a jaridu. A 1987 Dakta Anand da Dakta Hickey suka wallafa hujjojin da suka rushe wancan tunani. A 2015 kuma masana a Jami'ar Oxford suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai: cikin sassa 20 da ke motsawa idan babba ya ji zafi, 18 suna motsawa a jariri. Ku lura, uwa ce ta fito da wannan magana a bainar jama'a.

Jaririn da aka kwantar a kwalba yana shan tsira sau da yawa a yini: ɗibar jini a diddige, neman jijiya, zura roba ta hanci. Bakwaini kuma sau tari ba shi da ƙarfin kuka. Sai dai ka ga ya haɗe gira, ya runtse ido, ya baje 'yan yatsu, bugun zuciyarsa ya ƙaru. Wa ya fi saurin ganin wannan in ba wadda ke zaune kusa da shi dare da rana ba?

Magani mafi sauƙi yana jikin uwa. Shan nono lokacin allura yana rage zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara kan rigakafi tun 2015. Haka ma goyon ƙirji, fata da fata, wanda Dakta Edgar Rey ya fara a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe. Uba ma yana iya yinsa, kaka ma haka, musamman inda kunyar ɗan fari ta sa uwa ja da baya. Akwai kuma ɗigon ruwan sukari da ma'aikata ke aunawa. Wannan na asibiti ne, ba a haɗa shi a gida, kuma ba a ba jariri zuma. Ciwon tiyata kuwa sai maganin likita.

Mu ma a gida muna da abin gyara. Askar wanzami wajen cire beli da tsaga tana jawo zafi na gaske, ga zubar jini, ga shigar ƙwayoyin cuta.

Roƙona biyu ne. Ma'aikata, kafin a tsira allura, maimakon "Hajiya, ɗan jira a waje," a ce wa uwa ta zauna ta ba jariri nono. Iyaye kuma ku cire nauyin baki ku tambaya: "Likita, wannan zai yi masa zafi? Me zan yi in taimaka?" Tambayar haƙƙin yaronku ce, domin shi ba shi da bakin yinta.

Allah Ya raya mana su, Ya ba marasa lafiya sauƙi.