GAYYAR TSABTAR GARI: DARASI DAGA BAKIN TAFKIN KAINJI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga, maganarmu ta yau a kan shara ce. Wani zai ce, ashe shara ma ta isa a tara malamai da dattawa dominta? To, ta isa. Duk ɗalibin da ya karanta hadisi ya san cewa an lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, kuma an yi hani mai tsanani ga ƙazantar da hanya da inuwa da mashayar ruwa. Wannan karatu mun sha jin sa. Abin da ya rage mana shi ne aiki, kuma aikin jama'a ba ya yiwuwa sai da tsari.

Mu fara da sanin wurin da Allah Ya ajiye mu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu na asali, rayuwar wannan yanki ta rataya a kan tafki. Ruwansa yana janyewa daga ƙarshen rani zuwa farkon damina, sa'an nan ya komo tun daga wajen watan Agusta. Saboda haka duk ledar fiya-wata da tsumma da tsohuwar koma da kashin da aka bari a gaɓa lokacin da ruwa ya ja baya, idan ya dawo sai ya kwashe su ya kai wa na ƙasa da mu. Wanda ya zubar a Yelwa, ɗan'uwansa na Wara ne zai sha. Akuyar da ta haɗiyi leda tana ramewa har ta mutu. Kwatar da ta toshe ita ce gidan sauro. Kuma ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Kebbi tana cikin waɗanda abin ya shafa.

An taɓa gwada tsabtar gari da ƙarfin hukuma. A 1985 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da sashen tsabtar muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a a Kano, daga nan aka saba da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Garuruwa sun yi fes na ɗan lokaci. Amma da yawa sun fito ne don tsoron bulala da tara, shi ya sa da tsoron ya kau sai tsintsiya ta koma lungu.

Akwai kuma wani misali a nan gida wanda ya fi wancan amfani a gare mu. A ƙarshen shekarun 1980 wata irin kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta biyo Kogin Kwara ta shigo tafki. Ta rufe mashayu, ta hana kwale-kwale wucewa, ta lalata kayan su. A shekarun 1990 shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya bi ta hannun sarakuna da shugabannin masunta, ƙauyuka suka riƙa fitowa suna janye ciyawar nan zuwa tudu da hannuwansu. Daga baya aka gitta shinge a kan kogi a Zamare domin tare ta tun kafin ta shigo. Darasi biyu ke nan: kowane gari ya ɗauki gaɓar da ke gabansa, kuma a tare ɓarna tun daga mafarinta. Waɗanda suka yi wannan aiki iyayenmu ne da yayyenmu, wasunsu suna raye. Aikin gayya kuwa mun gada, ba baƙo ba ne.

Don haka ga shawarwarin da nake ba kowane reshe:

1. A fara da izni. Kafin a ɗauki shebur, a je wa mai unguwa da dagaci da sarkin kasuwa da sarkin ruwa, a kuma sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma. A gayyaci kowa da kowa, wanda muke salla tare da wanda ba mu yi, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, domin cuta ba ta tambayar ƙungiya.

2. A san inda za a kai sharar tun kafin a tara ta. Nan ne gayya da yawa take mutuwa: a yashe kwata, a jibge a bakinta, ruwan sama na farko ya mayar da ita ciki. A nemi fili nesa da rijiya da gaɓar ruwa, a tanadi baro ko amalanke.

3. A rarrabe. Abin da ke ruɓewa taki ne ga manoman albasa da shinkafa. Ƙarfe da robobi a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ya shiga asusun sayen manjagara da safar hannu. Leda kuwa kada a ƙona ta cikin unguwa, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

4. A sa rana tsayayya, sau ɗaya a wata, daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, ban da ranar kasuwa. Kashegarin kasuwa ya fi dacewa. A yi babbar gayya sau biyu a shekara: ta kwatoci kafin saukar damina, ta gaɓar tafki kafin ruwa ya komo.

5. A raba wuri, a rubuta suna. Kowane rukuni na mutum goma da shugabansa da iyakarsa: wannan daga masallaci zuwa tasha, wancan mashaya. Aikin da aka ce na kowa ne, ba na kowa ba ne.

6. A kiyaye lafiya. Kada yaro ya shiga kwata ko ya taɓa allura da fasasshiyar kwalba. Kada a tsaya cikin ruwan da ke kwance ba takalmi, saboda tsargiya. A wanke hannu da sabulu bayan an tashi.

7. A tare ɓarna daga tushe. Mata a makarantun Islamiyya su ɗauki nauyin cikin gida da zaure. A ajiye kwando ko rabin duro a bakin masallaci da wurin mai shayi. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun 2008. Mu ko ba doka, muna iya zuwa kasuwa da kwandonmu kamar yadda iyayenmu suke yi.

Daga ƙarshe, ina kira ga malamai da limamai da shugabanni su zamo na farkon fitowa. Ranar da almajiri ya ga malaminsa riƙe da manjagara, ya gama karatun wannan babi. Kada kuma a jira mai ɗaukar hoto ko babban baƙo. A gyara niyya, a fara da mutum goma da aka samu, a dawo wata mai zuwa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu da garuruwanmu, Ya kare mu daga annoba, Ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.