Tada Tsohon Keke: Birki Kafin Fenti

Yau zancenmu na keke ne, irin wanda Amurkawa ke kira kuruza, mai kaurin taya da faffaɗan sirdi, wanda mahayinsa ke zama a miƙe ba sai ya duƙa ba. Kamfanin Schwinn na birnin Shikago ne ya fito da irinsa a 1933, da taya mai inci 26. Har gobe akwai masu sha'awa a Amurka da ke sayen tsofaffinsa, waɗanda suka shekara da shekaru jingine a gareji, su riƙa tada su a ranakun hutu. To, in irinsa ya faɗo hannunka cikin kayan gwanjo, ta ina za ka fara?

Da yawa gwangwanin fenti suke fara saye, kuma nan ne kuskuren yake. Keke mai sheƙi babu birki ai kyan ɗan maciji ne. Fara da duba ƙarfen jikinsa, musamman wuraren walda. Tsatsar sama ba ta da wuyar fita, amma in ka ga tsagewa ko inda tsatsa ta huda ƙarfe, haƙura ka nemi wani.

Sai birki, kuma a nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Yawancin kekunan nan ba su da birkin hannu. Birkinsu na cikin cibiyar tayar baya, sai ka mai da feda baya yake kamawa. Giris ɗin da ke ciki, in ya daɗe, bushewa yake yi ya daskare. A 1976 wasu matasa a yankin Marin na jihar Kalifoniya sun fara tseren gangaro dutse da irin waɗannan tsofaffin kekuna. Zafin birki yakan ƙone giris har ya yi hayaƙi, dole a sake cusa wani bayan an sauko, shi ya sa suka raɗa wa tseren suna Repack, wato sake cusawa. Daga cikin wannan wasan nasu keken hawan dutse na zamani ya samo asali.

Don haka kwance cibiyar a natse. Shimfiɗa farin tsumma, duk abin da ka zaro ka jera shi bi da bi, ka ɗauki hotonsa da waya. Wanke boris da kananzir, wanda ya yi tabo ka canza shi, sannan ka cika sabon giris. Akwai wani ɗan ƙarfe da ya fito daga cibiyar aka ɗaure shi a jikin keken ta hagu. Ɗaure shi tamau, don in ya kwance birki ba zai riƙe ba.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Jiƙa sarƙa a kananzir, ta bushe, ka ɗiga mata mai. Taya in ta tsattsage, duba lambar da ke gefenta ka sayo daidai ita. Ka kuma tuna fedar hagu a baibai ake kwance ta, kada ka ci zaren a banza.

Fenti shi ne na ƙarshe. Don Allah, kafin ka bar ɗanka ko ƙaninka ya hau, kai da kanka ka gwada birkin a fili inda babu mota.