Ku San Mazaɓarku: Jawabi Ga Mutanen Kebbe Da Tambuwal

 

Yau ina so mu yi magana a kan mazaɓarmu. Mutane da yawa suna jefa ƙuri'a, amma ba su san kujerar da suke cikewa ba. Wanda bai san iyakar gonarsa ba, wata rana zai yi wa maƙwabci noma.

To, mece ce mazaɓa? Yanki ne da aka shata wa iyaka, aka ce mutanen cikinsa su zaɓi wakili ɗaya. Majalisar Wakilai da ke Abuja tana da kujeru 360. Jihar Sakkwato tana da 11 daga ciki. Tamu ita ce ake kira Kebbe da Tambuwal, domin ƙananan hukumomi biyu aka haɗa. Saboda haka mutumin Dogon Daji, da na Jabo, da na Sanyinna, wakilinsu ɗaya ne da mutumin Kuchi da na Girkau.

A lura, Kebbe daban, Kebbi daban. Kebbi jiha ce, an cire ta daga Sakkwato a 1991. Zamfara kuma a 1996. Kebbe tamu ƙaramar hukuma ce cikin Sakkwato, tana iyaka da jihohin nan biyu. Doka ba ta yarda mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha ba. Hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, ita ke da ikon shata iyakokin.

Yanzu sai tarihi. A 2003 an zaɓi Alhaji Aminu Waziri Tambuwal a jam'iyyar ANPP. An sake zaɓensa a 2007 da 2011 a jam'iyyar PDP. A watan Yuni na 2011 'yan majalisa suka zaɓe shi Kakakin Majalisar Wakilai. Kun ga ke nan ƙuri'ar ƙauye ta kai mutum har kan shugabancin majalisar ƙasa. A 2014 ya koma APC, a 2015 ya zama Gwamnan Sakkwato.

Da ya bar kujerar, Alhaji Abdussamad Dasuki, ɗan marigayi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, ya ci zaɓen 2015 a APC. A 2019 Alhaji Bala Kokani na APC ya karɓa. A 2023 kuma Abdussamad Dasuki ya dawo, a wannan karon a PDP.

Me muka koya a nan? Ɗan siyasa yana canza jam'iyya, kujera tana canza hannu, amma ku kuna nan. Kujerar taku ce, aro kuka ba shi na shekara huɗu.

Wani zai ce, ƙuri'ata ɗaya me za ta yi? Ku tuna da zaɓen gwamna na 2019. Ba a kammala shi ba sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna, ciki har da na Kebbe. Da aka gama ƙidaya, ƙuri'a 342 kacal ce ta raba na ɗaya da na biyu a duk faɗin jihar. Mutanen ƙauye guda sun fi haka yawa.

Don haka ga shawarata. Kowa ya adana katin zaɓensa kamar yadda yake adana irin shuka. Kada ka ba kowa shi ajiya. Ka san rumfarka, ka san alamar jam'iyyar da kake so tun kafin ranar. Kada ki sayar da ƙuri'arki don sabulu ko taliya. Sabulu zai ƙare cikin mako, wakili kuwa sai ya yi shekara huɗu.

Bayan zaɓe kuma aiki bai ƙare ba. Wakilinku yana cikin masu yin doka da duba kasafin kuɗin ƙasa. In ya zo gida, ku tambaye shi maganar hanya, da asibiti, da taki, da tsaro. Haƙƙinku ne, ba roƙo ba ne.