Zoɓon Uwargida a Kasuwar Duniya

Amarya, ke ma matso kusa, yau maganar kuɗi za mu yi.

Busasshen zoɓon nan da kike zama a tsakar gida kina tsincewa, yaro ya kai wa dillali, kin san inda yake zuwa? Da yawansa daga Jigawa da Kano ake lodinsa zuwa Legas, jirgin ruwa ya tsallaka da shi har ƙasar Meziko, inda suke shansa kamar yadda muke sha. Ashe tuni kina cikin kasuwar duniya daga ɗakinki. Sai dai ladan tsinta kawai kike samu, ribar tana hannun wasu.

Mace ɗaya ba ta cika kwantena. Amma matan unguwa da suka iya riƙe adashi shekara da shekaru za su iya kafa ƙungiyar gama kai su yi mata rajista. Da wannan rajistar ake neman takardar izini daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, kuma ta intanet ake cikewa. Ba sai kin fita ba, ɗanki ko ƙaninki zai taya ki a waya, da sanin maigida.

Inda muke faɗuwa shi ne tsafta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya, saboda maganin ƙwari da aka samu ya yi yawa a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Laifin wasu ya rufe wa kowa kasuwa. To don Allah, kada ki fesa wa zoɓo ko riɗi komai. Ki shanya a kan tabarma mai tsafta, nesa da kaji da awaki. Mai yayyafa ruwa don buhu ya yi nauyi kuwa, fumfuna take saya wa ƙungiyar duka.

A 2024 Hukumar Kasuwanci ta Duniya, ƙarƙashin Dakta Ngozi Okonjo-Iweala, ta haɗa kai da wata cibiya suka buɗe asusun dala miliyan 50 domin mata masu fitar da kaya, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen farko. Irin wannan tallafi mai takarda yake nema: rajista, littafin ciniki, da asusun banki. Shawarata, asusun ya kasance da sunan ƙungiya, ba na mijin shugaba ba, komai kirkinsa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.